Baƙin Mai a Bayan Allo

Hephzibah ta ga tabon ne ranar Alhamis da yamma, bayan ta dawo daga aiki. Yana can saman zanen ta hannun hagu, inda ta yi sararin sama. Faɗinsa ya kai tafin hannu, kuma ya yi kama da wurin da aka ajiye ƙosai a kan takarda. Da safe da ta leƙa babu shi.

Makonni uku ta yi tana wannan zane. Ba sana'arta ba ce. Ita mai kula da takardu ce a wata makarantar sakandare a unguwar Nasarawa a Kaduna, zane kuwa abin da take yi ne ranar Asabar da bayan sujada ranar Lahadi, a barandar bayan gidansu da ke Makera. Fentin da take amfani da shi akirilik ne mai araha, 'yan kwalaben roba goma sha biyu a kwali ɗaya, kuma ta san halinsa sarai. Shuɗin sai an shafa sau uku kafin ya rufe. Koren in ya bushe yakan yi duhu fiye da yadda aka bar shi. Farin kullum shi ke fara ƙarewa. Ta saba yin furanni a jikin tukwanen ƙasa da 'yan tsuntsaye a kan kwali, amma wannan ne babban aikinta na farko: tsohon gidansu na ƙauye kusa da Zonkwa, a kan allon filawud mai tsawon kamu biyu.

Gidan ya rushe tun shekaru goma sha biyar da suka wuce, an gina na bulo a wurin, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Mama, ta zo Kaduna watan jiya aka cire mata yanar ido. Shekara huɗu ta yi ba ta ganin komai sai hazo. Yanzu idon ya buɗe, kuma ranar Lahadi za ta tafi Jos wurin ɗanta Kevin, inda za ta zauna daga nan gaba. Hephzibah tana so ta tafi da gidan a hannunta. Ta gama zanen ranar Lahadin da ta wuce, ta jira kwana uku, ta shafa masa sila, wato ruwan nan fari-fari da ke bushewa garau ya kare fenti daga laima da datti. Sannan ta jingine shi a baranda ya sha iska.

Ta juya allon. Bayansa baƙi ƙirin, yana ƙyalli, yana warin gareji.

"Baban Vicky!"

"Ina cin abinci," mijinta Friday ya amsa daga falo.

"Taso da kwanon."

Ya zo da kwanon. Friday bakaniken manyan motocin dakon mai ne a Rido, kuma kusan kowane wata yakan dawo gida da jarkar baƙin mai da aka juye daga inji. Shekaru biyar da suka wuce gara ta cinye musu kabad ɗin katako, ta haɗa da takardun makarantar 'yarsu Vicky. Tun daga ranar babu katakon da ya shigo gidan bai sha baƙin mai ba. Ƙofar bayi ta sha, ƙafafun benci sun sha, akurkin kaji ya sha, har ƙotar fartanya.

"Me ka shafa a bayan allon nan?"

"Au, har kin gani?" Ya yi murmushi. "Da na so sai ranar tafiya in nuna miki. Sau biyu na shafa. Na farko ya shanye tas, katakon nan ƙishirwa gare shi. Ko shekara talatin Mama za ta yi da shi, gara ba za ta ko shinshina ba."

Ta juyo masa da gaban.

Ya daina tauna. Ya matso, ya sa yatsa a kan tabon, ya duba yatsan.

"Wannan daga ina?"

"Daga inda ka zuba shi."

"Haba Maman Vicky, a baya na shafa. Ban taɓa gaban ba, Allah ya sani."

"Kaurin filawud ɗin nan nawa ne?"

Ya kama gefen allon da yatsa biyu. Bai kai kaurin biskit biyu ba. Ya sake shi.

"Wa ya aike ka?"

"Gidan Kevin a ƙasa yake, kusa da gona. Kin san garar Jos kuwa?"

"Na ce wa ya aike ka?"

"To yanzu ba lokacin faɗa ba ne," in ji shi, ya ajiye kwanon a kan benci. "Kawo tsumma da ɗan fetur. Minti biyu."

"In ka kawo fetur kusa da zanen nan, yau a Rido za ka kwana."

Ya kawo shawarar garin sabulu. Ya kawo ta hodar jarirai, wai tana tsotse mai. Ya ce yana da aboki mai fentin mota a Kakuri, zai fesa masa abin da ko ruwan batir ba ya ci. A ƙarshe ya ja baya, ya karkata kai yana kallon tabon.

"Ki mai da shi hadari mana. Ai damina ake. Wa zai sani?"

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne wannan shawarar ba ta da laifi. Ta haɗa fari da ɗan baƙi da shuɗi a murfin bokiti, ta ɗauki buroshi mai faɗi ta shafa a kan tabon. Fentin ya ƙi zama. Ya tattare ya zama 'yan ɗigo-ɗigo, kamar ruwa a bayan agwagwa. Ta goge, ta sake shafawa da kauri. Ya zauna na ɗan lokaci, sannan ya fara zamewa ƙasa. Kafin ta wanke buroshin, wani sabon tabo ƙarami ya fito a kan rufin ciyawar ɗakin tsakiya.

Washegari Juma'a ta kira ofis ta ce za ta makara. Tabo ya zama biyar. Ta ɗauki hotonsu a waya, ta hau Keke zuwa kasuwar Kakuri, shagon Malam Anas, wanda ke sayar da littattafan makaranta da alli da kayan zane, kuma a wurinsa take sayen fenti tun da ta fara.

Malam Anas ya sa tabarau ya daɗe yana kallon wayar.

"Madam, wannan mai ne."

"Na sani."

"Na girki?"

"Na injin tanka."

Ya cire tabarau ɗin ya dube ta. Ta ba shi labari a taƙaice. Ya yi ƙoƙari ya riƙe fuskarsa, bai iya ba, ya juya yana gyara kwalayen biro da ba su buƙatar gyara.

"Ki yi haƙuri. Oga ya yi da kyakkyawar niyya."

"Ba niyyarsa na zo tambaya ba, Malam. Akwai abin da zai rufe shi?"

"Babu. Fentin nan na ruwa ne, ba ya shiri da mai. Ko kin samu mai tsadan da ake kawowa daga Legas, haka zai yi. Kuma man bai gama fitowa ba, yana cikin katakon, a hankali zai yi ta tasowa. Nan da wata guda ko'ina zai kama."

"In na ƙara sila mai kauri?"

"Ki rufe mai a ƙarƙashinta? Za ta ɓare kamar bawon rogo."

Ta mayar da wayar cikin jaka. Ya shiga ciki ya fito da wani farin ƙyalle mai kauri da aka ɗaure a jikin firam ɗin katako, an riga an shafe shi da farin shafe na farko. Bai kai rabin allonta ba.

"Manyan sun ƙare. Wannan kaɗai ya rage. Yaushe tafiyar?"

"Jibi."

"To fenti zai bushe, amma kada ki sa sila. Da wannan ruwan da ake yi, sai ya samu kwana huɗu ko biyar. In kika yi gaggawa zai yi fari kamar an watsa masa koko."

Wannan ma ta sani. Akwai wata tukunyar fure a bayan gida da ta koya mata haka bara. Ta sayi ƙyallen, da farin fenti babbar kwalba, da ƙaramin buroshi guda.

"Madam," in ji Malam Anas tana fita, "bayansa ma katako ne fa. Ki ɓoye wa Oga."

Ba ta yi dariya ba.

Da ta isa gida ta tarar da Mama a barandar baya, zaune a kan benci, da baƙin tabarau ɗin da asibiti suka ba ta a goshi. Allon yana gabanta. Makonni uku Hephzibah tana rufe shi da tsohon zani don kada ta gani.

"Wari ne ya kawo ni," in ji Mama. "Na zaci jarkar mijinki ce ta zube. Gidan wa ne wannan?"

Hephzibah ta ajiye ledar hannunta.

"Gidanmu ne, Mama."

"Gidanmu na ina?"

"Na ƙauye. Na Baba."

Mama ta sauke tabarau ɗin, ta ɗaga, ta matso da fuskarta.

"Wa ya kai rumbu can?"

"Ke kika ce yana hannun dama."

"In kina fitowa daga ɗakina. Ke kin sa shi a bakin hanya, kowane ɓarawo ya ɗiba ya wuce. Wannan bishiyar kuma ta mece ce?"

"Ɗorawa."

"Ɗorawa? Na zaci mangwaro ne ya yi rashin lafiya. Ashe shi ya sa kika dame ni da tambaya lokacin da idona ke ɗaure. Ina turmi yake, ina murhu yake. Na ce ko filin za ku sayar."

"Na so in ba ki ne ki tafi da shi Jos."

"Wannan? In sa shi a mota kusa da accata da daddawata? Kafin mu kai Saminaka komai ya zama kananzir."

Hephzibah ta zauna a ɗaya gefen bencin. Makonni uku, da Asabar uku da ba ta je ko'ina ba, da taron zumuntar mata biyu da ta tsallake. Ta duba allon. Yanzu da aka faɗa, ita ma ta ga ɗorawar ta yi kama da mangwaro.

Mama ta zaro farin ƙyallen daga leda, ta juya shi gaba da baya.

"Wannan na mene ne?"

"Na so in sake. Amma kwana ɗaya ya rage, kuma ƙarami ne."

"Gidan ma ai ba babba ba ne. Ke ce kika ƙara masa ɗaki. Ɗaki huɗu ne da madafa, ba biyar ba." Ta miƙa mata ƙyallen. "Gobe ki tashi da wuri. Zan zauna a nan."

Haka aka yi. Ranar Asabar da ƙarfe bakwai Hephzibah ta zana layukan farko da fensir, Mama tana gefenta da kofin kunu. Kafin ƙarfe takwas sun yi gardama sau uku. Mama ta sa an matsar da rumbu bayan ɗakin Baba. Ta sa an rage tsayin katangar, domin a cewarta akuya tana tsallake ta. Ta ce ƙasar tsakar gidan ja ce, ba ruwan kunu ba.

"Zai yi duhu in ya bushe, Mama. Haka fentin yake."

"To ki sayi mai gaskiya mana."

"Mai gaskiyar ba a Kakuri yake ba."

Shuɗin ya buƙaci shafa ukun da ya saba buƙata. Tsakanin kowace shafa sai an jira, kuma da yake an yi ruwa da asuba, jiran ya yi tsawo. Hephzibah ta jawo fanka ta kunna, wuta ta ɗauke bayan minti goma. Mama ta ɗauki murfin tukunya tana yi wa zanen fifita, tana ba da labarin shekarar da iska ta yaye rufin madafa ta kai shi gonar maƙwabta.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Friday ya leƙo. Tun daren Alhamis yake tafiya a gidan kamar baƙo. Ya gaida Mama, ya tsaya daga nesa, hannuwansa a baya.

"Ya yi kyau," in ji shi. Hephzibah ta ci gaba da shafa fenti. Ya ɗan zagaya ta baya. "Wannan firam ɗin farin katako ne fa. Irin wanda gara ta fi so ke nan."

Hephzibah ta ajiye buroshi.

"Ban ce zan shafa ba," ya yi sauri ya ce. "Faɗa kawai na yi."

"Baban Vicky," in ji Mama, "ba ka da aiki yau a Rido?"

"Yau Asabar, Mama, sai in an kira ni."

"To je ka ka tsaya inda za su gan ka."

Ya tafi. Da zai fita Hephzibah ta ji ƙarar jarka, ta leƙa ta taga, ta ga yana ɗaure ta a bayan babur. Aƙalla ta bar gidan.

Ɗorawar ce ta fi cin lokaci. Mama ta ce rassanta a baje suke kamar laima, kuma a sa mata tutu, jajayen furannin nan nata masu lilo. Hephzibah ta ce in akwai tutu a ɗorawa to rani ne, ga shi kuwa sun riga sun yi ciyawa kore shar.

"Ke za ki zauna da shi ko ni?"

Aka sa tutu. Jan da ke kwalin ya yi ruwa-ruwa, sai da ta ɗiga shi da bakin tsinken ashana, ɗaya bayan ɗaya, ta bari ya bushe ta sake ɗigawa. Mama ta ƙirga su, ta ce a ƙara biyu ta gefen rijiya. Daga nan ta sa a yi turmi a kife kusa da madafa, da wani dutse mai faɗi a ƙofar ɗakin Baba. Hephzibah ba ta tuna dutsen ba sam.

"A kansa yake zama ya wanke ƙafa in ya dawo gona," in ji Mama. "Ke kina goye lokacin da aka kawo shi."

Ta yi dutsen da toka-toka. Mama ta dube shi ta ce ya fi haka faɗi. Ta ƙara masa faɗi. Mama ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce kunun ya huce, a ɗumama mata.

Ƙarfe biyar da rabi suka gama. Zanen bai kai na farko tsari ba. Sararin saman yana da gurbin buroshi, kuma ɗaya daga cikin ɗakunan ya ɗan karkace. Hephzibah ta shigar da shi ɗakin kwanansu ta ɗora a saman kabad ɗin ƙarfe, ta kulle ɗakin, ta sa makullin a jakarta.

Ranar Lahadi bayan sujadar farko suka tafi tashar mota ta unguwar Television. Friday ya ɗauki buhun acca da jakar kaya. Hephzibah ta riƙe zanen a tsaye, fuskarsa na kallonta, ba a naɗe ba. A cikin jakar Mama ta sa kwalbar sila da buroshi mai laushi da takarda da ta rubuta wa Christy, matar Kevin: a jira ranar Juma'a, a shafa siriri sau biyu, a bar awa uku a tsakani, kada a yi ranar da ake ruwa, kada a goge da jiƙaƙƙen tsumma kafin nan.

Mama ta sa an karanta mata takardar, sannan ta zaro kwalbar ta mayar wa Hephzibah.

"Christy da kananzir take goge komai na falo, har hoton aurensu. Ba wanda zai shafa masa wani abu. In kin zo Kirsimeti ki shafa da hannunki."

"Wata huɗu, Mama. Ba sila, ko ruwa ya fantsama zai iya ɓata shi."

"A ɗakina zai zauna. Idona ya buɗe."

Direba ya zo ya ce a kawo hoton a sa a but ɗin mota, a kan kaya. Mama ta ce a'a. Ya ce to a ɗaure a saman mota. Mama ta shiga gidan gaba, ta zauna, ta miƙo hannu biyu. Hephzibah ta ɗora mata shi a cinya.

"Ƙofar ɗakina ta yi faɗi," in ji Mama tana dubawa. "Ba haka take ba."

"Jiya kika ce in ƙara."

"Ban ce ki ƙara haka ba."

Direban ya ce zai tare masa madubin gefe. Mama ta karkata shi kaɗan, ba ta sake shi ba.

Sai ga Friday ya dawo daga wurin masu shago da babbar baƙar leda da igiyar roba. Ya ce hadari na haɗuwa ta gabas, kuma gilashin motar nan bai ga alamar yana rufuwa duka ba. Zai naɗe shi tsaf, ya ɗaure, ko ɗigo ba zai shiga ba.

"Leda za ta manne wa fentin," in ji Hephzibah. "Bai gama ƙarfi ba."

"Sama-sama zan naɗe."

"Baban Vicky."

"Na'am."

"Sa hannunka a aljihu."

Ya dubi ledar, ya dubi Mama. Mama ta ɗaga gilashin da hannu ɗaya har ya rufe ruf. Ya ninke ledar ya cusa a aljihu, ya bar hannun a ciki.

Motar ta fita daga tasha ƙarfe goma sha ɗaya saura. Ta gilashi ana hango bayan firam ɗin, farin katako, da yatsun Mama a gefe da gefe.

A hanyar komawa Makera Friday ya tambaya me za a yi da babban allon. Hephzibah ta ce ba ta son ganinsa. Kafin yamma ya buga shi a jikin akurkin kaji, ta gefen da ruwa ke bugowa, fuskar zanen tana ciki. Ya ce wannan ɓangaren dai gara ba za ta taɓa shi ba. Hephzibah ta ɗora kwalbar sila a saman kabad ɗin ƙarfe, ta rubuta Disamba a jikin murfin.